Baƙuwar Manhaja da Sarrafa Wutar Lantarki a Kwamfutar Tafi-da-Gidanka

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa kwamfuta ba ta iya yin aikin komai sai da babbar manhaja, wato tsarin da yake tsakanin mai amfani da na'ura da kuma sassan ƙarfen da ke cikinta. Fitattun manyan manhajoji a duniya guda uku ne: Windows ta kamfanin Microsoft, da macOS ta kamfanin Apple, da kuma Linux wadda Linus Torvalds ya fara rubuta zuciyarta a shekarar 1991. Kowane kamfanin ƙera kwamfuta yana da manhajar da ya yi wa na'urarsa tanadi, kuma da ita ya gwada ta kafin ta fita kasuwa. Idan aka ɗora wata daban, ita ce ake kira baƙuwar manhaja a wannan maƙala.

Wannan al'amari ya ƙara muhimmanci tun daga ranar 14 ga Oktoba, 2025, lokacin da Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Magajiyarta, Windows 11, wadda ta fito a 2021, ba ta karɓar yawancin kwamfutocin da ƙwaƙwalwarsu ta girmi zubi na takwas na Intel. Saboda haka ɗimbin na'urori masu lafiya, musamman na hannu waɗanda ɗalibai da malamai suka fi iya saye, sun shiga neman wata manhajar. Sau da yawa akan ɗora sabuwar manhaja ta tashi lafiya, sai bayan kwana biyu a lura cewa batir ba ya jimawa, fanka ba ta hutawa, ƙasan na'urar kuma ya yi zafin da ba a iya ɗora ta a cinya. Wani lokacin kuma akasin haka ake samu, na'urar ta yi sanyi amma ta riƙa tafiyar hawainiya. Duka waɗannan alamu ne na matsala guda, wato an rasa mai riƙe akalar wutar da ƙwaƙwalwar na'urar take sha.

Ina Wutar Take Tafiya?

Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda masu gyara suke kira furosesa, ɗan guntun silikon ne mai ɗauke da biliyoyin ƙananan makunnai da ake kira tiransisto. Akwai agogo a cikinta mai bugawa sau biliyoyi a kowace daƙiƙa, kuma da kowane bugu wasu makunnan suna buɗewa wasu suna rufewa. Bugu biliyan ɗaya a daƙiƙa shi ne gigahaz ɗaya. Duk lokacin da makunni ya sauya hali, sai ya ja 'yar wutar lantarki, wadda daga baya take rikiɗewa ta zama zafi.

Masana sun taƙaita wannan a cikin ƙa'ida mai sauƙi. Wutar da ake sha wajen wannan kunnawa da kashewa tana ƙaruwa daidai da saurin agogo, amma tana ƙaruwa da ƙarfin bolt sau kansa. Ma'ana, idan aka ninka saurin agogo sau biyu, wuta za ta ninku sau biyu. Idan kuwa ƙarfin bolt aka ninka sau biyu, wuta za ta ninku sau huɗu. Abin lura kuma shi ne, ƙwaƙwalwar da take gudu a hankali ba ta bukatar bolt mai yawa, don haka akan sauke su biyun tare. Ga misali na lissafi: a ce an rage sauri zuwa rabi, an kuma sauke ƙarfi daga bolt 1.2 zuwa 0.9. Kashi 0.9 cikin 1.2 shi ne 0.75, wanda sau kansa ya ba da kusan 0.56. Idan aka raba wannan biyu saboda ragin sauri, sai a sami 0.28. Wato an rage sauri da rabi, amma wuta ta ragu da kusan kashi 72 cikin ɗari.

Amfanin wannan yana bayyana a jikin batir. Batirin da yake ɗaukar awa-wat 50 zai yi awa 10 idan na'ura tana jan wat 5, amma ba zai wuce awa biyu da rabi ba idan tana jan wat 20. Ga ɗalibin da yake zaune inda wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan shi ne bambancin kammala aikin makaranta da barinsa a tsakiya.

Matakan Gudu da Matakan Hutu

Kamfanin Intel ya fito da fasahar sauya sauri mai suna SpeedStep a shekarar 2000 a cikin Pentium III ta kwamfutocin tafi-da-gidanka, kamfanin AMD kuma ya fito da tasa mai suna PowerNow! a wannan shekarar. A farko matakai biyu kawai SpeedStep take da su, na sama idan an jona caja, na ƙasa idan ana kan batir. Daga baya matakan suka yawaita, har aka kasa su gida uku.

Na farko su ne matakan gudu, waɗanda ake yi wa laƙabi da harafin P. Kowane mataki haɗi ne na wani sauri da wani ƙarfin bolt, kuma P0 shi ne mafi sauri. Ana iya kwatanta su da giyar mota. Na biyu su ne matakan hutu, masu harafin C. A mataki na C0 ƙwaƙwalwa tana aiki. A C1 ta ɗan dakata. A matakai masu zurfi irin su C6 ana kusan yanke wa cibiyar da ba ta aiki wuta gaba ɗaya. Gwargwadon zurfin hutu, gwargwadon wutar da ake tsimi, gwargwadon kuma lokacin da farkawa take ɗauka. Na uku su ne matakan barcin na'ura ɗungurungum, masu harafin S. A S3 komai yana mutuwa ban da ma'ajiyar wucin gadi. A S4 ana kwashe abin da ke cikinta zuwa faifan ajiya. S5 kuwa kashewa ce.

Mutane da yawa suna zaton matakan gudu ne suka fi tasiri, alhali kuwa na hutu ne. Mai buga rubutu komai saurinsa, tsakanin harafi da harafi akwai tazarar da ƙwaƙwalwa za ta iya yin miliyoyin bugu ba ta da abin yi. Na'ura mai lafiya tana shafe mafi yawan wannan lokaci a cikin hutu mai zurfi. Wadda aka hana ta hutun kuwa, tamkar mota ce da aka bari a kunne a bakin ƙofa tun safe har dare.

Wa Yake Riƙe da Akala?

A shekarar 1992 Intel da Microsoft suka fitar da tsarin APM, wanda ya bar hukuncin sarrafa wuta a hannun BIOS, wato ƙaramar manhajar tushe da ke zaune a kan babban allon na'ura. Aibin wannan tsari shi ne BIOS ba ta san aikin da mai na'ura yake yi ba. Don haka a watan Disamba na 1996 Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da ACPI, wanda ya mayar da akalar hannun babbar manhaja.

To, amma babbar manhaja ba ta san yadda aka ƙera kowace na'ura ba. Saboda haka ACPI ya tanadi cewa kamfanin da ya ƙera na'ura zai rubuta wasu jadawaloli ya ajiye a cikin manhajar tushe. Mafi girmansu shi ne DSDT, sai ƙananan da suke ƙara masa bayani, masu suna SSDT. A cikinsu ne aka bayyana matakan gudu da na hutu, da yadda ake karanta batir, da abin da za a yi idan an rufe murfi. Waɗannan jadawaloli ba jerin lambobi ba ne kawai, ƙananan shirye-shirye ne waɗanda babbar manhaja take karantawa ta aiwatar. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin mai kula a kan babban allo, wanda ake kira EC, shi ne yake lura da fanka da caja da maɓallan rubutu.

Ke nan ƙungiya ce ta mutum huɗu: ƙwaƙwalwa, da jadawalolin ACPI, da EC, da direban babbar manhaja, wato ɗan shirin da yake magana da ƙwaƙwalwa a madadinta. Idan ɗaya ya kasa fahimtar ɗan'uwansa, aiki ya tsaya. Tun daga zubin Skylake na 2015, Intel ya bai wa ƙwaƙwalwa ikon zaɓar saurinta da kanta ta hanyar fasahar Speed Shift, amma ko ita sai babbar manhaja ta kunna ta, ta kuma faɗa mata ko tsimi ake so ko gudu.

Inda Linux Take Tuntuɓe

A cikin ACPI akwai wata tambaya mai suna _OSI, wadda jadawali yake yi wa babbar manhaja domin ya san ko wace ce. Windows 7 tana amsa sunan "Windows 2009", Windows 10 kuma "Windows 2015". Da yake yawancin kamfanoni da Windows kaɗai suke gwada na'urorinsu, hanyar da aka tanada wa Windows a cikin jadawali ita ce mai lafiya, sauran hanyoyin kuwa sau da yawa cike suke da kurakurai. Wannan ya sa Linux take amsa sunayen Windows, kuma tun 2007 ta daina amsa sunanta na gaskiya idan an tambaye ta. Baƙo ne ya ari rigar ɗan gida domin a buɗe masa ƙofa.

Ta fuskar ƙwaƙwalwa, Linux tana da direbobi nagari. Direban intel_pstate ya shiga cikinta a 2013, na amd-pstate kuma a 2022. Matsalar ta fi zuwa daga maƙwabta. Ƙwaƙwalwa ba ta iya shiga hutu mafi zurfi sai dukkan sassan da suke jone da ita sun yarda su huta, kamar katin intanet da faifan ajiya da katin hoto. Idan guda ɗaya ya ƙi, kowa ya kwana a tsaye. An ga misalin haka a 2011, lokacin da wani sauyi a zubi na 2.6.38 na zuciyar Linux ya sa aka daina tsimin wuta a layukan PCI Express na na'urori da yawa, saboda manhajar tushensu tana ba da rahoton cewa ba su iya wannan tsimi ba. Batura suka riƙa ƙarewa da wuri, har sai da aka sake fasalin yadda Linux take fassara wannan rahoto.

Darasi Daga macOS

Babu inda wannan matsala ta fito fili kamar wajen masu ɗora macOS a kan na'urorin da ba na Apple ba, abin da ake kira Hackintosh. Ƙofar ta buɗe ne bayan Apple ya sanar a watan Yuni na 2005 cewa zai koma amfani da ƙwaƙwalwar Intel, na'urorin farko kuma suka fito a Janairun 2006. Ya kamata a sani cewa lasisin macOS ya haramta ɗora ta a kan na'urar wani kamfani, kuma a 2009 wata kotu a Amurka ta hana kamfanin Psystar sayar da irin waɗannan kwamfutoci. An kawo batun a nan ne saboda darasin kimiyyar da ke cikinsa.

Tuntuɓe na farko shi ne wata rijista a cikin ƙwaƙwalwar Intel mai lamba 0xE2, wadda take ƙayyade zurfin hutu. Manhajar tushen Apple tana barin ta a buɗe, macOS kuma tana rubutu a cikinta yayin tashi. Yawancin sauran kamfanoni kuwa kulle ta suke yi, kullen da ake kira CFG Lock. Da macOS ta yi ƙoƙarin rubutu a rijistar da aka kulle, sai ƙwaƙwalwa ta ƙi, manhajar ta faɗi tun ba ta gama tashi ba. Ɗaya daga cikin magungunan da aka yi amfani da su a da shi ne wani ɗan shiri mai suna NullCPUPowerManagement, wanda yake hana direban Apple tashi gaba ɗaya. Na'ura takan tashi, amma ba mai sauya mata giya, barcinta kuma ya lalace. An kori ciwo ne ta hanyar korar likita. Daga baya manhajojin tayarwa irin su Clover da OpenCore suka zo da hanyar hana macOS taɓa rijistar kawai, tare da barin sauran aikin direban ya ci gaba.

Tuntuɓe na biyu shi ne rashin shaida. Daga zubin Haswell na 2013, macOS ta mayar da sarrafa wuta cikin zuciyarta, a wani sashe mai suna XCPM. Shekaru da dama, cikakken aikin wannan sashe ya dogara ga wata alama mai suna plugin-type a kan cibiyar farko ta ƙwaƙwalwa, alamar da jadawalolin Apple suke ɗauke da ita, na sauran kamfanoni kuwa babu. Don haka ake rubuta ƙaramin SSDT a cusa ta.

Na uku shi ne suna. macOS tana ɗauke da bayanin matakan gudu na kowane samfurin Mac, tana kuma zaɓa bisa sunan da na'ura ta ba da. Idan aka bai wa kwamfutar tafi-da-gidanka sunan Mac ta tebur, za a tafiyar da ita kamar wadda ba ta san batir ba. Na huɗu shi ne katin hoto na biyu, wanda kwamfutoci da yawa suke da shi ban da na cikin ƙwaƙwalwa. macOS ba ta iya amfani da shi a irin wannan haɗi, amma yana nan a kunne yana shan wuta, har sai an kashe shi ta hanyar ACPI.

Wannan babi yana dab da rufewa. Apple ya fara komawa ƙwaƙwalwar da ya zana da kansa da fitowar M1 a Nuwamban 2020, kuma a 2025 ya sanar cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta yi aiki a kan Intel.

Yadda Ake Binciken Matsala

Ƙa'ida ta farko ita ce awo kafin gyara. Ana bukatar sanin abubuwa huɗu: saurin agogo, da zafin ƙwaƙwalwa, da wutar da ake ja daga batir, da yawan lokacin da ake yi a kowane matakin hutu. A Linux akwai turbostat da powertop, a macOS akwai powermetrics, a Windows kuma akwai Task Manager da HWiNFO. Ana yin awo sau biyu, na farko na'ura tana zaune ba ta aikin komai, na biyu an ɗora mata aiki mai nauyi. Na'ura mai lafiya saurinta yakan sauka idan tana zaune, ya hau nan take idan aiki ya zo. Daga nan sai a duba wace alama aka gani.

Idan sauri ya maƙale a sama, mai yiwuwa direba bai tashi ba, ko an saita shi a kan gudu zalla, ko kuma akwai wani shiri a ɓoye da yake cin ƙwaƙwalwa. Sai a fara duba jerin shirye-shiryen da suke aiki, sannan a tabbatar da sunan direban da yake riƙe da akala.

Idan sauri yana sauka amma batir yana zuba, matakan hutu ake tuhuma. A duba ko ƙwaƙwalwa tana wuce hutu na sama-sama. In ba ta wucewa, sai a riƙa cire ko kashe sassa ɗaya bayan ɗaya, ana maimaita awo, har a gano mai hana barci.

Idan sauri ya maƙale a ƙasa, kamar gigahaz 0.8 ko 0.4, ko da an ɗora aiki, to sau da yawa ba laifin manhaja ba ne. Akwai wani layin gargaɗi mai suna BD PROCHOT, wanda wasu sassan na'ura suke amfani da shi su umarci ƙwaƙwalwa ta rage gudu. Lalataccen batir, ko ma'aunin zafi da ya sami matsala, ko cajar da na'ura ba ta gane ba, duk suna iya jawo shi. Kwamfutocin Dell da yawa, alal misali, suna karanta shaidar caja ta wani siririn tsinke a tsakiyar kanta. Idan ba su gane ta ba, sukan rage gudu su kuma ƙi cajin batir. Akwai shirye-shiryen da suke toshe wannan gargaɗi, amma toshe kunne ga mai ihun gobara ba ya kashe wuta.

Idan sauri ya hau sannan ya faɗo bayan ɗan lokaci, a dubi zafi. Yawancin ƙwaƙwalen Intel suna rage gudu da kansu idan suka kusanci digiri 100 a ma'aunin Salshiyos. A ƙasashen da ake fama da ƙurar hunturu da zafin bazara, toshewar ƙarfen zuƙe zafi da bushewar man da ake shafawa tsakaninsa da ƙwaƙwalwa abu ne da aka saba gani. Babu jadawalin da zai maye gurbin share fanka.

Idan kuma na'ura ta ƙi barci, ko aka same ta da zafi a cikin jaka, a bincika wane irin barci manhajar tushe take bayarwa. Sababbin na'urori da yawa sun bar S3 sun koma wani salo da Microsoft yake kira Modern Standby, inda na'ura take zama a farke cikin hutu mai zurfi. Manhajar da ba ta iya wannan salo da kyau ba za ta cinye batir cikin dare ɗaya.

Ƙa'ida ta biyu ita ce a sauya abu ɗaya tak a lokaci guda, a rubuta abin da aka sauya, a kuma maimaita awo. Ta uku ita ce kada a ɗauki jadawalin DSDT na wata na'ura a ɗora wa wata, ko da sunansu ɗaya, domin bambancin zubin BIOS kaɗai yana iya sauya adireshin da ke ciki. Ta huɗu, a yi hattara da taɓa ɓoyayyun saitunan BIOS, domin kuskure a nan yana iya hana na'ura tashi kwata-kwata. Hanya mafi sauƙi ta raba gardama ita ce a tayar da na'urar da wata manhaja daga filashi a maimaita awo. Idan matsalar ta bi ta can, to ciwon a ƙarfe yake.

Kammalawa

Zafin da ya wuce kima yana tsufar da batirin lithiyam da wuri, wani lokaci har ya kumbura, kuma kumburarren batir haɗari ne da ya wajaba a cire shi. Saboda haka rigakafi ya fi magani: kafin a goge tsohuwar manhaja, a gwada sabuwar daga filashi, a kuma rubuta awon tsohuwar domin a sami abin kwatantawa. Malamin kimiyya yana iya mayar da wannan darasin aji. Ɗalibai su auna wat nawa na'ura take ja tana zaune, da kuma tana aiki, su raba ƙarfin batir da kowane adadi, sannan su riƙe agogo su ga ko hasashensu ya yi daidai da lokacin da batirin ya ɗauka kafin ya ƙare.